Milimita Uku a Garin Gishiri

Gishiri ne ya gina Lüneburg, shi ne kuma ya karkatar da ita. Garin yana zaune a kan wani curin gishiri da ke binne a ƙarƙashin ƙasa a arewacin Jamus. Tun kafin shekarar 956, lokacin da aka fara ambatar ma'aikatar gishirinsa a wata takardar Sarki Otto na Ɗaya, mutanen wurin suke jawo ruwan zartsi daga rijiya suna dafawa a faffaɗan farantan dalma har ya ƙafe. Ba a kashe wutar ba sai a 1980. Wanda ya san abin da kantun Bilma ya yi wa Agadas da kasuwannin ƙasar Hausa ba ya bukatar dogon bayani: a da daga Lüneburg ake lodin gishiri zuwa Lübeck, a can a adana kifin tekun Baltik da shi, kuɗi su dawo su zama gidajen jan bulo masu tsinin kai. To amma shekara dubu ana zuƙe abin da ke ƙarƙashin gari, dole ƙasa ta lotsa. A tsohuwar unguwar yamma za ka ga titi ya gangara babu dalili, ƙofa ta ƙi zama daidai da dokinta, taga tana kallon gefe.

Ni dai ba gishiri ne ya kai ni ba. Wani aiki ya kai ni Hamburg, yayata kuwa tana jin labari ta ɗaure mini kuka da daddawa da yaji, ta ce in kai wa ɗanta da ke karatu a jami'ar Lüneburg. Ta haɗa da ƙullin wani garin magani da wata tsohuwa ta ba ta, wai na basir. Ainihin saƙon kuwa sai a bakin mota ta faɗa: "Ka gano mini shi da idonka. A waya kullum lafiya lau yake ce mini." Jirgin ƙasa ya tashi daga babbar tashar Hamburg, ya tsallake gadojin kogin Elbe, ya tsaya a Harburg da Winsen, ya ratsa shimfiɗaɗɗun gonaki, cikin kusan rabin awa sai ga hasumiyar majami'ar Johannis mai tsawon mita 108, ita ma a ɗan karkace. Yaron yana jira a bakin tasha, kumatunsa sun dawo. Bayan gaisuwa ya karɓi kaya ya ce, "Kawu, ka zo a kan gaɓa. Yau nake da ganin likita. Mu je ka ga hanjina."

Tun yana ajin ƙarshe na sakandare abin ya fara: murɗar ciki ta gefen dama ƙasa da cibiya, zawo da ba ya jin magani, zazzaɓin yamma, da rama har wando ya daina zama a ƙugu. Duk inda aka kai shi gwajin taifod ake fara yi, kuma da wuya a ce babu. Ya sha maganin taifod, ya sha na olsa, ya sha na tsutsar ciki, da ƙurji ya fito masa a gefen dubura aka ce ai dama basir ne. Har maganar sammu ta shigo daga wajen wasu dangi. Sai da ya zo Jamus aka yi masa kolonoskofi, wato aka zura siririn tiyo mai kyamara ta dubura har zuwa mahaɗar ƙaramin hanji da babba, aka tsinko ɗan nama aka duba. Aka ce cutar Crohn ce.

Sunan na Burrill Crohn ne, likita a asibitin Mount Sinai na New York, wanda shi da Leon Ginzburg da Gordon Oppenheimer suka bayyana cutar a 1932, ko da yake wani likitan tiyata na Glasgow, Kennedy Dalziel, ya riga su tun 1913. Tana da 'yar'uwa, gyambon babban hanji, wadda Samuel Wilks ya siffanta a Landan a 1859. Ba ɗaukarsu ake yi a wurin wani ba. Garkuwar jiki ce take rikicewa ta yi ta faɗa da hanjin mai ita. Gyambon babban hanji yana farawa daga dubura ya yi sama, a fatar ciki kawai yake tsayawa. Crohn kuwa tana iya kama ko'ina daga baki har dubura, tana tsallake wuri ta kama wani, tana kuma cin bangon hanji gaba ɗayan kaurinsa, har ya yi tabo ya tsuke, ko ya huje ya yi yoyo. Wani babban nazari da mujallar Lancet ta buga a 2017 ya nuna masu ɗauke da cututtukan biyu sun wuce mutum 3 cikin 1,000 a Arewacin Amurka da ƙasashe da dama na Turai, kuma adadin masu Crohn mafi yawa da aka ruwaito a Turai daga Jamus ya fito, 322 cikin 100,000. Ba a warkewa a rabu da ita. Kwantar da ita ake yi, a sa mata ido har ƙarshen rai.

Da sauran lokaci, sai ya zagaya da ni ta cikin tsohon gari. Muka bi dandalin Am Sande, muka ɓulla wajen ginin majalisar gari, ya tsaya a wani titi mai suna Waagestraße ya nuna mini gidan da 'yan garin ke kira gida mai ciki. Bangonsa ya turo gaba kamar na mace mai wata bakwai. Dalilin shi ne farar ƙasar da aka haɗa bulon da ita ta ƙone da yawa a wajen gashi, sai ta yi ta shan danshi shekara da shekaru tana kumbura. Yaron ya dafa bangon yana dariya. "Kawu, ga hoton hanjina na bara."

Asibitin garin ba wani ƙasaitaccen wuri ba ne, amma sunansa ya zagaya duniya a wannan fanni saboda likitoci biyu da ke aiki a cikinsa, Torsten Kucharzik da Christian Maaser, waɗanda suka daɗe suna nuna cewa na'urar sikanin, irin wadda ake duba mai juna biyu da ita, tana iya bin diddigin kumburin hanji. Ba su muka gani ba. Wata matashiyar likita ce ta kira shi, kuma kafin in zauna sai da ta tambaye shi ko ya yarda kawunsa ya ji sirrin cikinsa. A gida da an ce rashin kunya ne. A nan kuwa cikin nasa ne.

Bai yi azumi ba, bai sha ruwan wankin ciki ba, ba a yi masa allurar barci ba. Kwanciya ya yi rigingine ya ɗaga riga. Ta matsa masa mai mai sanyi a mara, ta fara da kan na'ura mai lanƙwasa ta zagaye cikin gaba ɗaya, sannan ta canza zuwa wani mai miƙaƙƙen baki wanda ba ya nisa amma yana fito da ƙananan abubuwa ɓaro-ɓaro. Ta juyo allon wajenmu. Da farko ni toka-toka kawai nake gani. Ta nuna wani baƙin da'ira da ke bugawa, ta ce jijiyar jinin da ke gangarawa ƙafa ce, ita ce alamar hanya. A kanta wani abu yake kwance yana motsi a hankali, shi ne wutsiyar ƙaramin hanji, wurin da Crohn ta fi so. Da ta danna kaɗan iska ta kauce, sai bangon ya fito layi-layi, fari, baƙi, fari, baƙi, fari, guda biyar. Ta ce idan kumburi ya tsananta layukan nan narkewa suke yi su zama abu ɗaya, kitsen da ke kewaye ya yi haske ya naɗe hanjin, ƙananan kaluluwa su kumbura a gefe.

Ta tsayar da hoton ta ɗora ɗigo biyu, ɗaya a ciki ɗaya a waje. Iyakar da masu wannan aiki suka yarda da ita milimita 3 ce. Abin da ya haura haka, da magana. Nasa ya nuna 4 da ɗan ɗoriya. Ta buɗe hoton bara a gefe, lokacin da ya kai 7, layukan sun ɓace. Sannan ta kunna launi, abin da ake kira Doppler, mai nuna gudun jini. A hoton bara bangon cike yake da ja da shuɗi. A na yau 'yan ɗigo ne nan da can. Sun ragu, amma suna nan.

"Ai ni lafiyata ƙalau," in ji yaron. Da Turanci suke magana saboda ni. Ta ce ta yarda, sai dai sakamakon gwajin bayan gidansa ma ya ɗaga, daga ɗari da wani abu ya koma sama da 300. Ta tambaye shi ko ya tsallake allura, ya ce a'a. Ko yana shan taba ko shisha, domin hayaƙi yana rura Crohn. Ya saci kallona ya ce a'a, na yi kamar ina karanta wata takarda a bango. Ko ya sha maganin ciwon jiki kwanan nan. Nan ya tuna ya bugu a wajen ƙwallo ya yi kwanaki yana shan ibuprofen. Ta ce ya daina, irin waɗannan magunguna suna ƙuje hanji, suna kuma ɗaga sakamakon gwajin. Za a ɗebi jininsa a ga yawan maganin da ya rage a jiki kafin allura ta gaba, a sake gwajin bayan gida nan da 'yan makonni, idan bai sauka ba allurar adalimumab da yake yi wa kansa duk mako biyu za ta koma duk mako. Na fito da ƙullin yayata na nuna mata. Ta juya shi, ta shinshina, ta ce ba za ta ce a sha abin da ba ta san me ke cikinsa ba. Duka-duka ba mu cika minti ashirin ba.

Gwajin bayan gidan nan ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne ƙashin bayan sa idon, ko da yake ba wanda ke son maganarsa a kan abinci. Abin da ake nema a ciki wani furotin ne mai suna kalfurotektin. A Oslo ta ƙasar Norwe aka gano shi a 1980, a ɗakin binciken Magne Fagerhol na asibitin Ullevål, kuma a 1992 Arne Røseth da abokan aikinsa suka nuna yadda za a auna shi a bayan gida. Yana cike ne a cikin wani jinsi na fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne ke fara isa duk inda aka sami rauni. Idan hanji ya kumbura sai su yi ta kwarara ta bangonsa suna faɗawa ciki suna fashewa, furotin ɗin ya biyo bayan gida ya fito. Ba ya saurin lalacewa, yana iya kwanaki a zafin ɗaki, shi ya sa yaron yake ɗiban ɗan kaɗan da ƙaramin cokalin da ke manne a murfin kwalba, ya rufe, ya sa a ambulan, ya jefa a akwatin gidan waya. Ya ce ranar farko sai da ya waiga hagu da dama. Ƙasa da mikrogiram 50 a kowane giram ana ɗaukarsa lafiya. Sama da 250 alama ce wuta tana ci. Amfaninsa mafi girma shi ne yakan fara hawa watanni biyu ko uku kafin mutum ya ji komai. Tun 2013 hukumar tantance magunguna da gwaje-gwaje ta Ingila ta ba da shawarar a riƙa amfani da shi wajen rarrabe masu kumburin hanji da masu rikicewar ciki marar kumburi, don kada a yi ta zura wa mutane tiyo a banza. Yanzu har akwai na gida, wanda ake ɗiga samfurin a ɗan faifai a ɗauki hotonsa da waya, sakamakon ya tafi wurin likita.

Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A wannan cuta maganar ba ta cika tsayawa ba. Mutum yana iya jin garau hanjinsa yana ci a hankali, ba zai farga ba sai ranar da hanya ta tsuke aka kwashe shi zuwa tiyata. Wani kuma yana murƙususu alhali kumburin ya kwanta, tabo ne ko wani abu daban yake damunsa, a ƙara masa magani mai ƙarfi a cuce shi. Shekaru da yawa likitoci tambaya kawai suke yi: sau nawa ka zaga, yaya ciwon? Binciken da ya karya wannan al'ada shi ne wanda ake kira CALM, ƙarƙashin jagorancin Jean-Frédéric Colombel, da aka buga a 2017. An raba masu Crohn 244 gida biyu. Kashi ɗaya ana ƙara musu magani idan sun ce suna jin jiki. Ɗaya kashin ana ƙara musu idan sun ji jiki, ko kuma idan kalfurotektin ko gwajin kumburi na jini, CRP, ya ɗaga, ko da suna rantsuwa lafiyarsu lau. Bayan mako 48 aka leƙa da kyamara. Kashi 46 cikin ɗari na waɗanda ake aunawa gyambonsu ya warke, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 30. Maganin ɗaya ne a duka ɓangarorin. Bambancin kawai waɗannan an auna, waɗancan an tambaya.

Da a ce kolonoskofi abu ne mai sauƙi, da shi za a yi ta yi duk wata uku. Amma wanda ya taɓa kwana yana ɗirkar ruwan wankin ciki lita-lita yana safa da marwa tsakanin gado da bayi ya san ba abin maimaitawa ba ne, ga tsada, ga layi, ga kunya. Kyamarar kuma fatar ciki kawai take gani, alhali Crohn a cikin bango take aikinta. Nan sikanin ya sami ƙofa. Dalilin da ya sa ya yi ƙarfi a Jamus da Italiya tun da wuri ba wani sirri ba ne: a can likitan ciki da hannunsa yake riƙe na'urar, yana cikin abin da ake koya masa, ba sai ya rubuta takarda ya tura ka sashen hoto ka dawo bayan mako uku ba. A Milan, Giovanni Maconi ya shafe shekaru yana wannan aiki a asibitin Luigi Sacco. A Calgary ta Kanada akwai Stephanie Wilson da Kerri Novak. Daga Lüneburg aka jagoranci binciken TRUST na 2017, wanda ya bi masu Crohn 234 a cibiyoyin Jamus tsawon shekara ya nuna kaurin bango yana raguwa a fili cikin wata uku idan magani ya karɓa. Na gyambon babban hanji, wanda ya fito a 2020, ya nuna ana ganin sauyi tun a mako na biyu. A 2016 aka kafa ƙungiyar IBUS don horar da likitoci, kuma cikin sharuɗɗanta akwai zuwa a yi makonni ana koyo hannu da hannu a cibiyar da ta ƙware.

A ganina abin da ya fi duk waɗannan alƙaluma tasiri shi ne juyo allon da likitar ta yi. Yaro ɗan ashirin da 'yan kai da ke jin ƙarfi a jikinsa, ka ce masa ya ninka allura saboda wata lamba a takarda, zai ce to, ya fita ya yi abin da ya ga dama. Amma ya ga ɗigon ja a bangon hanjinsa da idonsa, gardama ta ƙare. Gani ya kori ji.

Sikanin ba shi kaɗai ba ne a fagen. Lokacin da aka gano cutar yaron an sa shi a na'urar MRI, kuma har yau idan ya tuna sai ya yamutsa fuska: ya sha ruwa mai zaƙi-zaƙi sama da lita don hanji ya buɗe, aka yi masa allurar da ke tsayar da motsin hanji, ya kwanta rub-da-ciki a cikin rami mai ƙara fiye da rabin awa ana ce masa riƙe numfashi, saki. Sakamakon kuwa taswira ce cikakkiya. A 2018 aka buga binciken METRIC na asibitoci 8 a Birtaniya, ƙarƙashin Stuart Taylor, inda aka yi wa mutum 284 duka biyun. Wajen gano akwai cutar a ƙaramin hanji MRI ta kama kashi 97, sikanin 92. Wajen faɗin iyakar inda ta kai, 80 da 70. Wato MRI ta fi, amma ba da ratar da za ta sa a raina na'urar da ke gefen gado ba. Hoton CT yana da sauri, shi ne na gaggawa, sai dai yana da tururin da ke taruwa a jiki, kuma mai cutar da ta kama shi yana ɗan ashirin yana da shekaru masu yawa na hotuna a gabansa. Akwai kuma kyamarar haɗiya, wadda Gavriel Iddan na Isra'ila da Paul Swain na Landan suka yi aiki a kanta aka amince da ita a 2001. Tsawonta milimita 26, ka haɗiye ta da ruwa ta yi ta ɗaukar hoto dubbai har ta fita. Matsalarta a Crohn ita ce tana iya maƙalewa inda hanji ya tsuke, shi ya sa akan fara ba da ta gwaji mai narkewa.

Likitar ba ta ɓoye inda na'urarta ke gazawa ba. Ba ta ganin ƙarshen babban hanji da kyau ta saman ciki, tana wahala a jikin mai teɓa, iska tana tare mata hanya, kuma ingancinta ingancin hannun da ke riƙe da ita ne. Yoyon gefen dubura aikin MRI ne. Ba ta tsinko nama, don haka ba a sa wa mutum sunan cutar da ita kaɗai. Wanda kuma babban hanjinsa ya kamu, bayan kimanin shekara 8 dole ya koma ga tiyo lokaci-lokaci don neman alamun farko na sankara, ko yana so ko ba ya so.

Muka fito muka gangara bakin kogin Ilmenau, wajen tsohuwar ƙugiyar katako da ake lodin gishiri da ita a da. Muka zauna a kan matakala da burodi da kifi, ni kuwa hankalina ya tafi gida. Na'urar sikanin nan ai babu babban garin da ba ta, daga Kano har Damagaram; kowane lungu akwai allon da aka rubuta ana sikanin. Kan nan mai miƙaƙƙen baki ma ba baƙo ba ne, shi ake duba maƙoƙo da nono da shi. Na faɗa wa yaron da zumuɗi cewa da an sa masa wannan tun yana sakandare da ba a yi ta ɗura masa maganin taifod ba.

Ya girgiza kai, kuma ya fi ni gaskiya. Taifod ɗin ma wutsiyar ƙaramin hanji yake kamawa ya kumbura ta. Tarin fuka na hanji nan ne mazauninsa, kuma kamarsa da Crohn ta kai har a ƙarƙashin madubin likita wani lokaci sai an yi da gaske. Atunin amiba yana yin gyambo a babban hanji. Tsutsar tsargiya mai kama hanji tana ɗaga kalfurotektin. A Jamus idan bango ya yi kauri kuma lamba ta hau, zato na farko Crohn ne. A wurinmu ita ce ta kusan ƙarshe a layi, kuma kuskure a nan yana kisa. Ka ba mai amiba maganin danne garkuwa irin prednisolone, hanji yana iya ɓulewa. Ka ba mai tarin fuka allurar infliximab ko adalimumab, cutar ta bazu a jiki. Tun 2001 aka buga rahoton mutum 70 da tarin fuka ya taso musu bayan infliximab, shi ya sa yaron ma sai da aka yi masa hoton ƙirji da gwajin jini na tarin fuka da na ciwon hanta kafin allurar farko. Likitocin Indiya, da ke fama da cututtukan biyu a lokaci guda, idan abin ya rikice sukan fara da maganin tarin fuka na wata biyu zuwa uku su sake dubawa. Idan gyambo ya warke, to tarin fuka ne.

Saboda haka abin da waɗannan gwaje-gwaje za su yi mana ya bambanta da abin da suke yi a Jamus. Ba za su faɗi sunan cuta ba. Amma za su iya cewa akwai wuta a wuri kaza, a daina lalube a tura yaro inda ake da tiyo. Bayan an tabbatar kuma, su ne za su hana iyali sayar da gona don kolonoskofi duk shekara. Nazarin Lancet ɗin nan na 2017 ya ce cutar tana ƙaruwa a ƙasashen Afirka da Asiya da Kudancin Amurka da birane ke bunƙasa a cikinsu, don haka zancen cutar Turawa ce ya kusa ƙarewa. Abin da ya rage shi ne likitocin da za su zauna su koyi karanta layuka biyar ɗin nan, su kuma san taifod da tarin fuka sun iya kwaikwayo.

Shi yaron damuwarsa ta fi kusa. Yana so ya zo gida hutun ƙarshen shekara, kuma allurarsa sai a firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Nau'in da yake amfani da shi yana jure mako biyu a waje muddin zafi bai wuce digiri 25 ba, wanda a ɗakin uwarsa ko da hunturu ba abin dogaro ba ne da rana. Likitar ta ce za ta ba shi takardar da zai nuna a filin jirgi, a yi gwajin bayan gida kafin ya tafi da bayan ya dawo, idan kuma zawo ya kama shi a can kada ya taɓa prednisolone sai an duba amiba tukuna. Muka shiga lissafin gidajen dangi masu sola. Na ɗaya 'ya'ya sun yi yawa, firjin ba ya minti biyar a rufe. Na biyu matar gidan za ta sanar da unguwa kaf. Daga ƙarshe muka tsaya a kan mai kemis ɗin bakin layinsu, wanda ke ajiye wa masu ciwon suga allurarsu.

"Kai za ka yi masa magana, Kawu," in ji shi. "Ni idan na je sai ya ce in kawo babba."